Taliyar Gwaggo ranar suna

Jiya ƙamshin tumatir da tafarnuwa ya shigo min ta taga, sai Gwaggo ta faɗo min a rai. A Asmara ta koyi murza taliya, gidan wata Ba'italiya da ta yi wa aikatau a hanyar hajji. Nan unguwarmu Anbariyya, a Madina, takan shanya ta a igiya kamar wanki, tana cewa, "Bar kwaɓin ya huta, ya binti, 'yata, shi ma ya sha duka."

Ranar sunan ɗana na fari ta shigo da faranti cike, man zaitun na ƙyalli. Surukata ta ɗaga murfin gaban mata ta ce, "Esh hada, mene ne wannan, Hajja? Tsutsotsi? Abin da kika laso a tukunyar Nasara za ki ba mutanen Madina?" Aka kwashe da dariya. Surukar tawa ta sa aka juye wa awaki.

Gwaggo ta wanke farantinta, ta tofa wa jaririn addu'a, ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Har ta rasu ba ta ƙara murzawa ba.

Ya Allah, ka zaunar da ita inda ba a wulaƙanta kyautar kowa.