Waɗanda Aka Auna a Gafasa da Waɗanda Ba a Auna Ba

Mun tashi da asuba daga Kademi, ni da maiɗakina, a kakar bana, shekarar da na fara iya karanta lamba da kaina a ajin yaƙi da jahilci. Gafasa muka nufa, wajen yayata. Tun farkon damina take fama da ciwon kai da jiri, mijinta kuma ya ƙi kai ta asibiti. Hujjarsa ita ce wasu masu bincike sun zo garinsu sun auna jama'a, suka tarar hawan jini a maza yake, mata kuwa ƙalau suke. Ni ina da hawan jinin, na san yadda yake sarar ƙeya. Sai na naɗe 'yar na'urar awona a tsohon ɗankwali, na ce bari in je in ji yadda aka yi wannan awo.

Babura biyu suka kawo mu Gaya. Hagu da dama an tuge gyaɗa an kife ta tana shan rana, dawa kuma ta sunkuyar da kai. A tasha muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, kamar mai tuyar tana jin tausayin wake. Kuɗin mota ya kusa ninkawa tun zuwana na ƙarshe, kwandasta ya ce mu tambayi gidan mai. Jiran mota ta cika ba ya damuna yanzu, don ina zama in yi ta haɗa baƙaƙen da ke jikin shaguna. Na karanta allon mai gyaran waya har ƙarshe ba wanda ya taimake ni.

A cikin bas ɗin Ajingi na kawo maganar, don in ji bakin mutane. Wani dattijo mai buhunan barkono ya ce ai sananne ne, mata sun fi maza juriyar ciwo, haka Allah ya halicce su. Wata tsohuwa daga kujerar baya ta ce, "Ba juriya ba ce, Alhaji, tambaya ce ba ku yi." Mota ta kwashe da dariya, har direba. Ni kuwa sai na ji gwiwar hannun maiɗakina a haƙarƙarina.

Mun tarar Ajingi tana cin kasuwa, ana ta auna gero da sabuwar gyaɗa. Muka sayi dafaffiya muna ɓarewa, muka yi wa Yaya tsarabar rake. Daga nan babur kuma, ta hanya mai rairayi. Duk inda taya ta zame sai in jiyo salatin maiɗakina daga bayanmu.

Mijin yayata na zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, tare da sa'o'insa. Akwai wasa tsakanina da shi. Da ya ga ƙunshina ya ce, "Ƙanin mata, ka koma boka ne?"

Na ce, "Kai na zo aunawa, Malam, ko taurin kai ma yana da lamba."

Maiɗakina ta shige cikin gida, ni na zauna a tabarma, na yi ta tambaya a hankali. Ashe a gindin bishiyar nan aka yi awon, da hantsi, lokacin shuka. Samari duk suna gona. Mazan da aka samu su ne waɗanda ke zaune a inuwa, dattawa masu furfura, wasu da sanda. Na ce to mata fa? Suka ce an auna mata mana: 'yan mata masu tallan awara da gyaɗa, da Fulani masu fura da suka tako da ƙafa daga ruga. Matan aure fa? Suka dube ni kamar na faɗi abin kunya. Masu awon maza ne, kuma sai an zare hijabi an naɗe hannun riga har damtse. Wa zai fito da matarsa bakin titi ta tuɓe hannu gaban baƙo? Baƙin sun tambayi magidanta ko akwai mara lafiya a cikin gida, kowa ya ce babu. A wajenmu ba a ba baƙon namiji labarin jikin iyali.

Na daɗe ina juya abin a raina. An ɗora tsofaffin maza a gefe guda, yara mata a ɗaya gefen, aka ce an gwada maza da mata. Ban ce baƙin sun yi ƙarya ba. Wataƙila a takardunsu sun bayyana su wa suka samu. Amma abin da ya rage a gindin darbejiya gajeruwar magana ce, ciwon maza, kuma ita ta zauna daram.

Da na shiga gida na tarar Yaya a kan tabarma. Babu ƙamshin suyar ƙuli, alhali tun aurenta da shi aka san gidan. Ta ce, "Auta, ka sha hanya a kan ɗan ciwon kai?" Maiɗakina ta riga ta lura da hannun hagu take ɓoyewa a cikin zane. Ashe tun kwanaki moɗa ta suɓuce mata, hannun ya yi nauyi, ba ta faɗa wa kowa ba. Na ɗaura mata na'ura a damtse, na karanta lambar, na sake karantawa don kada ya zama karatuna ne bai nuna ba. Ta wuce duk wadda na taɓa gani a jikina.

Na kira mijinta na nuna masa. Ya ƙura wa na'urar ido. Can ya ce, "Ni ma da bakina na ce wa masu awon lafiyarta lau." Bai jira kowa ba, ya fita neman mota.

A asibiti a Ajingi wata ma'aikaciyar jinya ta tabbatar da awon, ta ce ɗan shanyewar ɓarin jiki ne ya taɓa ta, Allah ya taƙaita. Na tambaye ta maganar maza da mata. Ta ce da ƙuruciya ya fi yawa a maza, amma idan mace ta manyanta takan kamo su, wani lokaci har ta wuce. Ashe maganar tana da ɗan tushe, shekaru ne aka yar a hanya.

Mun kwana a Gafasa, washegari muka juyo, muka iso Kademi bayan la'asar. Yanzu idan na ji a rediyo an ce bincike ya nuna maza kaza, mata kaza, ba na ƙaryatawa, ba na kuma saurin gaskatawa. Nakan so in san a gindin wace bishiya aka zauna, da kuma wadda ke bayan katanga a lokacin.

Yaya tana shan magani, ciwon kan ya lafa. Abin da aka rasa shi ne damina guda ba magani, da sana'ar ƙulinta, da ƙarfin yatsu uku na hannun hagu, waɗanda ma'aikaciyar ta ce ba za ta yi mana alkawarin dawowarsu ba.