Hoton Kuncina a Manchester

Muna idar da sallar asuba muka bar Ladywood, unguwarmu a Birmingham, ni da uwar 'ya'yana, ko kumallo ban karya ba don zuciya. Wani abokin aikina a wurin lodin kaya ne ya nuna mini tallar lacca a wayarsa, wadda 'yata za ta gabatar a jami'arsu a Manchester. A jikin tallar ga hoton kuncina da zanen Gobir, kusa da shi ga wani dutse mai zane-zane na wasu mutanen da can da ake kira Pict. Ya ce wai arna ne masu yawo tsirara, jiki duk shuni. Har da dariyarsa. Na rantse sai na sa ta cire fuskata daga cikin arnan nan.

Titin M6 ya ƙara hura ni. Ana ta gyara, an toshe rabin hanya, ba ma'aikaci ko ɗaya, sai yayyafi da tireloli. Muka tsaya a wurin hutawar matafiya, aka ba ni shayi kamar ruwan wankin kofi a kan kuɗin da zai isa cefane. Na yi wa yarinyar kantin tsawa, alhali ba ita ta sa farashin ba. Allah Ya yafe mini wannan ma.

Levenshulme, unguwar da 'yata take zaune a Manchester, gidaje ne na jan bulo manne da juna. A titin Stockport akwai mahautan halal, da masu doya da manja da barkono, kai ka ce Sabon Gari ne aka sa wa rigar sanyi. Wurin ajiye mota kuwa sai da na yi ta zagaye ina tsaki.

'Yata ta buɗe ƙofa da murna, ta dafa mana shinkafa da miya. Ban zauna ba. A gaban 'yan matan da suke haya tare na ce, "Ni za ki tozarta a gaban Turawa? Ni ne arne?"

Ta ce, "Baba, don Allah ka zauna in nuna maka."

Ta buɗe kwamfuta, tana bayani da Hausarta mai tuntuɓe. Ta ce mutanen nan a arewacin Scotland suka zauna. Sunan Pict daga rubutun Rumawa aka same shi, sunan da suke kiran kansu kuwa babu wanda ya tabbatar. Yawancin masana na ganin dangin mutanen Celt ne, wato tsofaffin ƙabilun ƙasar nan, amma harshensu ya mutu. Abin da ya rage duwatsu ne masu zanen madubi da mataji da jinjirin wata, kuma har yau ba a san me suke nufi ba.

"Shi ya sa na sa hotonka," in ji ta. "Su babu wanda za a tambaya, kai kuwa kana da rai. Baba, me ya sa zanen wannan kuncin ya fi na ɗayan yawa?"

Ban sani ba. Kullum ina duba fuskar nan a madubi, ban taɓa tambaya ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na daka mata tsawa, na ce ta goge hoton yanzu, in ba haka ba kada ta ƙara taka gidana. Uwarta ta ce, "Haba Malam!" Na ce ita ma ta yi mini shiru.

Ta goge a gabana. Ta goge har da duk abin da ta rubuta a kan Gobir. Ta ce, "Shi ke nan, Baba. Ba zan sake tambayarka komai ba."

Muka juyo ba mu ci abincin ba. Sai da muka kusa Birmingham uwar 'ya'yana ta yi magana. Ta ce, "Ka kyauta. Ka ƙona mai har Manchester ka yi nasara a kan 'yar cikinka."

Mun iso gida lafiya, fushin bai sauka ba, sai dai yanzu da kaina nake yinsa. Tafiyar nan ta nuna mini na ɗauki maganar mai dariya a wurin lodi na bar ta wadda ta yi karatun abin, kuma jahilcina na je ɓoyewa, ba mutuncina ba.

Washegari na kira baffana a Sabon Birni, tsohon da ya rage mana, na yi masa tambayarta. Ya daɗe yana bayani, na naɗi muryarsa na tura mata, na haɗa da ban haƙuri. Laccar mako mai zuwa ce. Har yanzu ba ta buɗe saƙon ba.