Fuskar Lawali a Littafi na Bakwai

Cikin duk ranakun da na yi a aikin ɗab'i, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce wata Lahadi ta kasuwar Illela, ranar da na raka Baba Sanda kara, wato kasuwar shanu, neman fuska. Muna tsaye a inuwar itacen bedi sai na hango wani mutum ya dafa ƙahon wani farin bijimi yana dariya, Fulani uku sun kewaye shi. Dogo ne, baƙi, da tsagar gidansu a kumatu, ga wushirya. Bijimin da ya hana kowa sakat tun safe ya tsaya masa cak. Zuciyata ta buga irin bugun da na sha karantawa a littattafan soyayyar da nake saye a bakin tasha. Na ce a hankali, "Baba, ga Garkuwa can."

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san Garkuwa ba, don haka bari in fara daga tushe.

A lokacin ina shekara ta biyu a shagon ɗab'in wani Alhaji da ke kusa da tasha. Mu huɗu ne. Alhaji shi ne manaja. Malam Audu ke kan inji. Baba Sanda, dattijo ɗan Garu, shi ne mai zane. Ni Rabi, ni ce mai buga rubutu a kwamfuta. Aikinmu na kullum katin aure ne da kalanda da takardun makaranta. Baba Sanda ne ya kawo shawarar mu riƙa fitar da ɗan littafin zane na jarumai duk wata biyu, shafi goma sha shida. Da Alhaji ya tambayi wa zai rubuta labarin, Malam Audu ya nuna ni da baki ya ce, "Ga wadda ta haddace littattafan kasuwa duka."

Haka aka haifi Zaratan Iyaka. A labarin da na tsara, shekarar da tafkin Kalmalo ya ƙafe, mutum huɗu da ba su san juna ba suka shiga tsakiyarsa neman ruwa, suka tarar da wata tsohuwar rijiya, suka sha. Kowa ya fito da baiwarsa. Ɗan Tafki masunci ne, ruwa na jin kiransa. Guguwa manomin albasa ne daga Lafani, yana zuwa Ƙonni ya dawo kafin shayi ya huce. Tauraruwa tana duba ƙwaryar ruwa ta ga abin da ke faruwa nesa. Shugabansu Garkuwa makiyayi ne, in ya kafa sandarsa a ƙasa ba harsashin da ke wuce ta. Abokin gabarsu kuwa Baƙin Hayaƙi ne, uban ɓarayin shanu.

Ga yadda muke aikin. Nakan rubuta abin da za a gani a kowane akwatin hoto da abin da kowa zai faɗa. Baba Sanda ya zana da fensir, ya bi da tawada. In ɗauke shi a na'ura, in sa kalmomin, Malam Audu ya buga. Amma Baba Sanda yana da wata ƙa'ida tasa. Ba ya ƙirƙirar fuska daga kansa, aro yake yi. Sai ya je wurin mutum da goro, ya roƙe shi, in ya yarda ya zana shi a zaune. Kuma fuskar aro ba a ba mugu ita. Shi ya sa Baƙin Hayaƙi da yaransa ba su da fuska, hayaƙi ne da rawani. Tauraruwa ma lulluɓi ya yi mata, idanu kawai ake gani, don ya ce ba zai je gidan kowa aron fuskar mace ba. Wannan ya yi mini daidai. A zuciyata na san ko wace ce a cikin lulluɓin.

Mutumin da na hango a kara sunansa Lawali, dillalin shanu ne. Da Baba Sanda ya miƙa masa goro ya yi masa bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ni da ko kare ya yi haushi sai in sake hanya, ni za ka yi jarumi da ni?"

"Huskarka nika so, ba zuciyarka ba. Zamna."

Ya zauna a kan buhu, aka zana shi. Ni ko kallona bai yi ba, in ban da sannu da ya ce mini.

Littafi shida muka fitar, kuma sun karɓu. Zaratan suka ƙwato garken wata tsohuwa daga hannun Baƙin Hayaƙi. Suka kori fari daga gonakin gero. Suka ɗaga motar albasa da ta kife a kan hanyar Sakkwato. Direbobi na tsallaka da littafin har Ƙonni. Yara suka fara bin Lawali a kasuwa suna kiran Garkuwa, shi kuma ya ɗaga musu sanda. Makiyaya na zuwa da littafin a aljihu su nuna masa kansa. Ni kuwa a kowane littafi sai na saka shafi guda da Garkuwa da Tauraruwa za su tsaya a bakin tafki, ya ce mata kalmomin da nake kwana ina tsarawa. Ban taɓa aika wa Lawali ko da gaisuwa ba. A ganina ya karanta, ya gane, yana jiran lokaci ne kawai, kamar yadda samarin cikin littafi ke yi.

Bayan ƙaramar sallah, wata Talata da hantsi, sai ga shi ya shigo shagon da takarda a hannu. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ya ce, "Malama, kati nika so a buga man, mai kyawo, mai hure a gehe." Katin ɗaurin aurensa ne. Da yatsuna na buga sunansa, na buga sunan amaryar a ƙasa, na zaɓa musu fure. Har ya sa na gyara harafi ɗaya a sunanta.

A makon nan na rubuta littafi na bakwai. A ciki Garkuwa ya ci amanar 'yan uwansa. Ya sayar wa Baƙin Hayaƙi sirrin rijiyar, kuma a shafin tsakiya, hoto babba da ya cinye shafi biyu, ga shi ya janye ƙayar shinge da hannunsa ɓarayi suna kora shanu, yana murmushi. Niyyata a littafi na takwas ya yi nadama, ya dawo ya durƙusa gaban Tauraruwa yana kuka, ita kuma ta juya masa baya. Iyakar abin da na hango ke nan.

Baba Sanda ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallona.

"Ɗiyata, wanga ba ni zana shi."

"Labari ne fa, Baba. Zai tuba a na gaba."

"Huskar ga aro mun ka yi. Mi Lawali ya yi maki?"

Na ce ba abin da ya yi mini, salon rubutu ne, masu karatu na son abin da zai girgiza su. Ya ce to a sa wa Garkuwa rawani ya rufe fuska a shafin, ko a ce wani ne ya yi shigarsa. Na ƙi. Murmushin nan nake so a gani, da wushiryar da komai. Na ɗauki takardun na kai wa Alhaji, na ce masa labarin ya fara sanyi, wannan ne zai tashe shi. Alhaji ya kira Baba Sanda ofis, ina jin su ta taga.

"Sanda, mai zane na ɗauka ko alƙali? Ita ka rubutu, kai ka zane."

"Alhaji, na ba mutum goro."

"To goro ne, ya ci ya ƙare. Jibi nika son shi kan inji."

Baba Sanda yana da iyali. Ya zana. Kuma da yake bai iya aikin banza ba, ya zana shi da kyau ƙwarai.

Abin da ban lissafa ba, duk da ina zaune a garin tun haihuwa, shi ne yawancin masu riƙe littafin nan ba sa karanta boko. Hoto suke kallo. Kuma a shekarun nan satar shanu ba tatsuniya ba ce a wajenmu, kowa na zargin akwai masu kai wa ɓarayi labari daga cikin kasuwa. Littafin ya shiga ruga, daga hannu zuwa hannu, shafin tsakiya ya cire daga jikinsa ya ci gaba da yawo shi kaɗai. Babu sunan Garkuwa a kansa, babu labarin rijiya. Lawali ne kawai da tsagar gidansu, yana buɗe wa ɓarayi shinge. Wasu suka ce ai masu takarda ba za su buga ba sai da sun san wani abu.

Dillali ba shi da shago, ba shi da kaya. Makiyayi ya miƙa masa igiyar saniyarsa ya tafi shan fura, ya dawo ya karɓi abin da aka ce an sayar. In aka daina miƙa igiyar, sana'a ta ƙare.

Lawali ya zo shagon da la'asar, riƙe da shafin nan ya yi laushi don shan hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa shi a kan teburin Baba Sanda.

"Baba, goro ka ba ni, ka ce jarumi za ka yi da ni. Yau Lahadi ukku ke nan ba wanda ya miƙo man igiya. Ardon da ubana ya yi wa dillanci ya gan ni ya kau da kai. Mi na yi maku?"

Ina bayan kwamfuta, tazarar taku uku. Baba Sanda bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Hannuna ya zana, Lawali. Ka yahe man."

Alhaji ya fito yana cewa ai wasan yara ne, kowa ya san zane ne. Lawali ya ce, "To taho kara ka gaya masu." Alhaji bai je ba. Ni kuma na zuba wa allon kwamfuta ido ina danna abin da ban sani ba har ya fita.

Washegari na rubuta littafi na takwas a zama ɗaya, na ce Baƙin Hayaƙi ne ya ari siffar Garkuwa. Alhaji ya ƙi bugawa, ya ce 'yan uwan Lawali sun je wurin mai unguwa, ba ya son a ƙara jin sunan littafin a shagonsa. Muka buga takardar ban haƙuri aka manna a ƙofar kara. Rubutu ne zalla, waɗanda aka yi dominsu ba su iya karanta shi ba. Baba Sanda ya gama watan ya tattara fensiransa ya koma Garu noma. Zaratan Iyaka suka tsaya a nan, shugabansu yana maci amana.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu zama gaban kwamfuta yanzu, shi ne duk abin da ya fita daga inji ya fi ƙarfinku. Ba ku san hannun da zai faɗa ba, ba za ku bi shi ku yi masa bayani ba. In tsohon ma'aikaci ya ce ga abin da ba a yi, ku tsaya ku ji dalili kafin ku kai ƙararsa ofis. Manaja zai goyi bayanku ranar bugawa, ranar da mai abu ya zo kuwa zai ce wasa ne.

Lawali bai koma dillanci ba. Auren dai an ɗaura, ya yi shekaru yana lodin buhunan albasa a tasha, yanzu shi ke tsaron wani sito a hanyar Ƙonni. Bara, a wannan shagon da muke ciki, ya shigo ɗaukar ƙaramin hoto na katin shaida. Furfura ta fito masa. Ya zauna kan kujera gaban farin ƙyallen, ya gyara hula. Na ɗauko kyamara na tsaya a gabansa. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Ban san wa ya gaya masa ni ce na sa aka yi zanen ba, ban kuma san tun yaushe ya sani ba.

Na ce, "Malam Lawali, ina son in yi maka magana."

Ya miƙe, ya ɗauki takardunsa.

"A'a, Hajiya. Ba ke ba."

Ya fita ya zauna a benci cikin rana, ya jira kusan awa guda har abokin aikina ya dawo daga masallaci, shi ya ɗauke shi hoton.