Almakashin Mai Ido

Duk layin shagunan nan, a da ba wanda ya taɓa ganin tef ɗin awo a wuyan Mai Ido. Tela ne, kuma yadda yake aiki ne ya jawo masa sunan. Mutum zai shigo da yadinsa, sai ya ce masa, "Juya." Ya dubi kafaɗa, ya dubi ƙugu, ya ce, "Jeka, ran Laraba." Ba littafi, ba rubutu. Shekara ashirin da biyu awon mutanen unguwa yana cikin kansa, har da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mai aski, maƙwabcin shagonsa, yakan ce ko mutum ya haɗiye tumbinsa a gaban matarsa, bai isa ya ɓoye wa Mai Ido ba.

Yana da shekara arba'in da shida abin ya soma. Ya yanka wa wani malamin makaranta hannun riga na hagu guda biyu, aka yi dariya aka wuce. Daga baya sai ya riƙa samun kansa tsaye da almakashi a hannu, bai sani ba yanka zai fara ko ya gama. Bai faɗa wa kowa ba. Ya sayi tef a ɓoye, in an tambaya ya ce yayi ne. Sunaye suka fara kuɓuce masa, sai kowa ya zama "babban mutum," mutane kuwa suna jin daɗi. Yana rubuta sunan mai kaya da alli a cikin yadi, amma wani lokaci ya karanta sunan sarai, fuskar ta ƙi zuwa.

Ranar da ya koma gida da rana tsaka ya bar shago a buɗe, dutsen guga na ci, matarsa ta kai shi asibiti. Likita ya ba shi kalmomi uku ya riƙe, ya sa shi zana agogo. Mutumin da ke fitar da wuyan riga ba alli, ya tara lambobin agogo a gefe guda. Bayan gwaje-gwaje da hoton kai, likita ya ce cutar mantuwa ce. Magani na iya rage mata gudu, amma ba ya mayar da abin da ya tafi.

"Likita, dubi kaina fa," in ji Mai Ido. "Furfura nawa ka gani? Ai ciwon kakanni ne wannan."

"Yawanci haka ne. Amma takan zo da wuri."

A hanyar gida, da suka kusa ƙofa ya ce, "Maman yara, kin san in zaren ƙasa ya ƙare, keken ɗinki ba ya tsayawa? Yana ta gudu, allura na ta hudawa, kai kana ganin ɗinki kake. Sai ka ɗaga yadin ka ga ba abin da ya kama. To haka nake ji."

Ta roƙe shi ya bar yanka, a samu wani ya riƙa yanka masa shi ya ɗinka. Ya ƙi. "Telan da ba ya yanka ai mai taka keke ne kawai. Ki bar min almakashina."

Ana cikin haka babbar 'yarsa, mai shekara ashirin da ɗaya, ta samu aiki a wani kantin magani. Ta sayo yadi ruwan toka ta ce Baba ne zai ɗinka mata rigar ranar farko. Uwar ta yi ta ƙifta mata ido, ta yi kamar ba ta gani ba. Shi kuwa fuskarsa ta washe. Bai ko taɓa tef ba.

"Juya," ya ce.

Ta juya tana dariya.

Kwana uku yana kan rigar. Hannunsa bai yi gardama ba ko sau ɗaya, har ya fara ce wa kansa wataƙila likitan ya yi gaggawa. Da ta zo karɓa sai da ya ƙwala wa mai aski kira. "Kai mai kwashe gashin mutane, zo ka ga aikin manya!"

"Ina zuwa, sarkin hannun hagu."

Mai Ido ya warware rigar ya ɗaga ta. Ɗinki ya kwanta, wuya ya zauna, ga aljihu biyu manya a gaba, irin waɗanda take so tana ƙarama don zuba duwatsun wasa. Rigar yarinya ce 'yar shekara tara.

Mai aski ya juya ya dubi 'yar.

"Baba, ta yi kyau," in ji 'yar.

Ya matso ya ɗora rigar a kafaɗarta. Ko ƙugunta ba ta rufe ba. Ya dubi rigar, ya dubi 'yar.

"Na san kin girma," ya ce. "Wallahi na sani. Ni na ce ki juya. To wa na gani?"

Ya zauna a kan benci ya daɗe. Sannan ya naɗe almakashin a ƙyalle, ya miƙa wa mai aski.

"Ajiye min. Ko na zage ka, ko na haɗa ka da Allah, kada ka ba ni."

"Haba, mutumina..."

"Karɓi tun ina sane."

Mai aski ya saka shi a durowar da ke ƙarƙashin madubinsa.

Mai Ido bai bar zuwa shago ba, don likita ya ce zaman gida zai fi cinye shi. Yana sa maɓalli, yana kama bakin wando. Wasu ranakun yana sane da komai, har ya tsokani kansa. Amma akwai safiyar da za a ji shi yana birkita shago, yana ɗaga ƙyallaye, yana leƙa ƙarƙashin keke, yana neman almakashinsa. Sau biyu mai aski ya faɗa masa gaskiya, sau biyu Mai Ido yana zama a benci kamar yau ya fara ganin rigar nan. Daga nan mai aski ya daina faɗa masa.

Ran Talatar da ta wuce ma Mai Ido ya leƙo shagon aski, gumi a goshinsa.

"Wani ɗan banza ya ɗauke min almakashi. Ka ga wanda ya shiga?"

Mai aski bai ɗago daga kan da yake askewa ba. "An kai washi."

"Wa ya kai?"

"Kai ka ce a kai."

Mai Ido ya tsaya yana laluben maganar a kansa, bai same ta ba, kuma kunya ta hana shi musu.

"Yaushe za a kawo?"

"Gobe, in Allah Ya so."

"To ka ce su hanzarta. Aiki ya taru."

Ya koma shagonsa. Kantar da a da yadin mutane ke kaiwa har rufi, yanzu wando biyu ne a kai. Ya share teburin yanka da tafin hannunsa, ya gyara zaman alli a gefe, ya ja kujera ya zauna yana kallon ƙofa.