Biron Kawu Bitrus da Kaset ɗin da Ba Su da Suna

Ku da kuka san Kawu Bitrus, kun taɓa ganinsa babu biro a bayan kunne? Ni dai ban taɓa ba, kuma ban taɓa ganin ya yi rubutu da shi ba! Da shi yake mayar da zaren kaset baya, a ɗakin waƙoƙin da yake riƙe da shi a laburaren garinmu, Ikara. In ka ce ai rediyo na iya yi, sai ya harare ka: "Inji ba shi da tausayi."

Wani bawan Allah ya taso daga Makarfi neman aron waƙar biki.

"Aro?" in ji Kawu. "Zauna ka haddace, ka tafi da ita a kanka."

Mutumin ya zauna har la'asar, ya miƙe yana rerawa. Kawu ya riƙo rigarsa: "Ka ɓata amshi. Koma ka zauna!"

Babban taurin kansa shi ne ƙin rubuta suna a jikin kaset. Shi ya bi ƙauyuka ya ɗauko su, waƙoƙin gayya, na niƙa, na mawaƙan coci, duk a kansa suke. Da sabuwar shugabar laburare ta ce a rubuta, sai ya zaro ɗaya ido rufe.

"Ranki ya daɗe, wannan gayyar Janfalan ce. A tsakiya makaɗin zai yi tari."

Aka saka. Makaɗi ya yi tari. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Da idonsa ya fara rauni, shi da kansa ya kira ni.

"Ɗan ƙanwata, zo da littafi, in faɗa ka rubuta. Akwai muryar uwarka a ciki tana niƙa, tun ba a haife ka ba."

Na yi dariya na ce, "Kawu, yau kai ke neman rubutu? Bari in gama da girbin tumatir."

"To," ya ce. Ko gardama bai yi ba, kuma wannan ya isa ya tsorata ni, amma ban lura ba.

Tumatir bai ƙare ba muka binne Kawu.

Yanzu duk Asabar ina ɗakin nan, ina saka kaset ɗaya bayan ɗaya. Mata da yawa na niƙa a ciki, kuma ina ƙarami Inna ta rasu, ban san wacce ce ita ba. Wataƙila ma na riga na wuce ta. Abin na ci mini rai ƙwarai.

Allah ya ba ka hutawa, Kawu. Ka yafe mini. Bironka na wurina, da shi nake mayar da su baya.