Zanen Manaja a Buhun Wake

Har gobe ba na mantawa da ranar da Manaja ya damƙa mini zane-zanensa. Lokacin ina kula da siton iri a wata gona kusa da Kadawa. Aikina shi ne in karɓi irin alkama da wake bayan girbi, in adana kada ƙwari su taɓa, in fitar idan shuka ta zo.

Manajanmu, Injiniya Sale, a Turai ya yi karatu, can ya kamu da son tara zanen hannu na Turawan da, duk na masu girbi a ƙauye. Idan ka matsa kusa sai ka rantse yaro ne ya yi wasa da fenti. Ka ja baya kuma, ga mata nan da lauje cikin alkama. Mu dai dariya muke yi a ɓoye.

Da zai tafi aikin Hajji, aka ware rufin gidansa za a gyara, ga damina. Ya kawo zane-zanen sito da kansa.

"Malam Habu, amana ce. Ko ɗaya ya lalace, babu irinsa a duniya."

"Ranka ya daɗe, in sha Allahu."

Na amsa, amma na san garar sitonmu ko ƙofa ba ta bari. Ni kuwa hanya ɗaya na sani. Na naɗe kowanne da ƙyalle mai tsabta, na zura a buhu, na zuba busasshen barkono da ganyen darbejiya kamar yadda muke yi wa wake, na ɗaure na ɗora kan katako nesa da bango.

Da ya dawo, gida cike da 'yan barka da sauka, ya aiko a kawo. Yana kwance buhun farko falo ya kaure da atishawa. Wani Alhaji har hularsa ta faɗi. Na ce yau aikina ya ƙare.

Manaja ya ɗaga zanen, ya juya bayansa, ya duba katakon da ke kewaye da shi, hawayen barkono na zuba. Ko ƙwarzane babu. Sai ya fashe da dariya.

"Malam Habu, mutanen nan tun kafin a haife ni suke girbi, sai yau aka kai su rumbu!"

Ranar na gane mai sito ba sai ya san darajar kaya ba kafin ya tsare su. Ya isa ya san darajarsu a wurin mai su.