Mai Gadin Ramin Zanzaro

A tashar Tsafe, Ma'u mai dafaffiyar gyaɗa tana kallon wani dattijo tsugune a gefen titi. Tafin hannunsa duk kantar fartanya, ga damina ta yi tsaka, amma ba ya gona. Ta san irinsu, 'yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu.

A gabansa wani baƙin zanzaro mai siririn ƙugu yana jan fara zuwa ramin da ya haƙa shi kaɗai cikin yashi. Dattijon yana kare ramin da takalminsa kada a taka.

"Baba, yana harbi fa."

"Ƙyale shi, ɗiyata. Abincin ɗansa yake binnewa, ya toshe ramin ya tafi, ba za su taɓa ganin juna ba. Shi dai ya bar wa nasa abinci. Ni rumbun ma ƙone shi suka yi."